Baƙar Funfuna: Tarihin Cutar Da Ke Shiga Ta Hanci Ta Cinye Ido



Yawancinmu mun fara jin sunan "baƙar funfuna" ne a watan Mayun 2021, lokacin da labarai suka cika da hotunan asibitocin Indiya, mutane kwance layi-layi kowa da bandeji a ido ɗaya. Sun warke daga korona sun koma gida, bayan kamar mako biyu fuska ta kumbura, ido ya firfito, likita ya kira dangi ya ce su zaɓa: ko a cire idon yanzu, ko a rasa mutumin cikin 'yan kwanaki. Da yawanmu mun ɗauka sabuwar cuta ce da korona ta haifa. Alhali a lokacin ta shekara 136 a cikin littattafan likitoci, da sunan da suke kiran ta mukomaikosis. Tarihinta za mu bi yau, domin darasi ɗaya yake ta maimaitawa tun farko: abin da ke raba mai tsira da mai mutuwa a wannan cuta shi ne yawan kwanakin da aka ɗauka kafin a gane ta.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN FUSKA

Duk mun san funfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu a rufe. Wadda muke magana a kanta 'yar uwar wannan ce. Tana cikin ƙasa, da juji, da taki, da ruɓaɓɓen ganye. Ƙwayayen irinta suna yawo a iska, muna shaƙar su kullum, garkuwar jikinmu tana kashe su ba tare da mun sani ba. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. Sai jiki ya raunana take samun gindin zama.

A cikin ƙashin fuskarmu akwai 'yan ɗakunan iska da ke buɗewa zuwa cikin hanci: a kunci, a goshi, da tsakanin hanci da ido. Kwarmin ido kuwa ƙasusuwa bakwai ne suka haɗu suka gina shi, kuma bangonsa na ɓangaren hanci siriri ne ƙwarai, har masana suka sa masa suna mai ma'anar takarda. A can ƙuryar kwarmin akwai ƙofofin da jijiyar gani da hanyoyin jini suke bi su shiga ƙwaƙwalwa. Hanyar cutar ke nan: hanci, ɗakunan iska, kwarmin ido, sannan ƙwaƙwalwa.

Muguntarta ita ce tana son hanyoyin jini. Zarenta yakan huda jijiya ya shiga, jini ya daskare, naman da jijiyar ke shayarwa ya mutu ya yi baƙi. Daga nan sunan ya samo asali, domin ita funfunar a karan kanta ba baƙa ba ce. Wannan kuma shi ya sa magani kaɗai ba ya isa, tunda jini ne ke kai magani, wurin da jini ya daina zuwa kuwa sai wuƙar likita.

ZAMANIN DA SAI A GAWA AKE GANE TA

A shekarar 1885 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Arnold Paltauf ya wallafa bayanin wani majinyaci da ya mutu, wanda binciken gawarsa ya nuna zaren funfuna ya bazu a sassan jikinsa. Daga wannan rahoto aka saba fara lissafin tarihin cutar. Kusan shekara sittin bayan haka ba a ɗauke ta da muhimmanci ba, abin mamaki ce kawai da mai binciken gawa kan ci karo da ita jefi-jefi.

A 1943 likitoci uku, Gregory da Golden da Haymaker, suka wallafa labarin majinyata uku a mujallar asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. Dukkansu masu ciwon sukari ne da ya yi tsanani, dukkansu cutar ta kama kwarmin ido ta wuce ƙwaƙwalwa, dukkansu kuma sun mutu. Wannan rahoto ne ya zana kamannin cutar da ɗaliban likitanci ke haddacewa har yau: mai ciwon sukari, kumburin ido ɗaya da ya ƙi motsi, da gushewar hankali. Amma a lokacin sanin bai ceci kowa ba, domin babu maganin da za a bayar.

Sai a 1955 wani likita mai suna Harris ya ba da rahoton mutum na farko da aka san ya tsira daga wannan nau'i. Shekara biyu bayan haka, a 1957, Roger Baker na jami'ar Duke ya rubuta maƙalar da ta tabbatar wa cutar sunanta, kuma a kan maƙalar ya yi tambaya ko sabuwar cuta ce. Dalilin tambayar shi ne ya lura tana ƙaruwa, ya kuma danganta ƙaruwar da sabbin magungunan zamaninsa.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin wajen ne ke ɗauke da asalin maganar. Kafin a samo insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921 da 1922, mai ciwon sukari mai tsanani ba ya daɗewa a duniya. Insulin ya tsawaita rayuwar miliyoyi, cikinsu har da waɗanda sukarinsu ke hawa da sauka ba tsari. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo ya fara ba masu sanyin ƙashi kotison, uban magungunan da ake kira sitiroyid, aka ga abin al'ajabi, har ya samu kyautar Nobel a 1950. Amma sitiroyid yana danne garkuwar jiki, yana kuma ɗaga sukari. Aka ƙara da magungunan sankarar jini, daga baya kuma dashen ƙoda. Kowane ɗaya alheri ne babba, kowane ɗaya kuma ya ƙara yawan mutanen da funfuna za ta iya kamawa.

MAGANIN DA YA FITO DAGA ƘASAR BAKIN KOGI

A farkon shekarun 1950 kamfanonin magani suna tattara ƙasa daga ko'ina a duniya suna neman ƙwayoyin halitta masu fitar da magani. Daga ƙasar da aka ɗebo a yankin kogin Orinoko na Benezuwela, masu bincike na kamfanin Squibb suka samu wata ƙwaya da ke fitar da sinadarin da aka sa wa suna amfoterisin B. An bayyana shi a 1955, kafin ƙarshen shekarun kuma an fara sa wa majinyata ta jijiya. Yana manne wa wani kitse da ke jikin fatar ƙwayar funfuna ya huda ta, ta zube ta mutu.

Magani ne mai ƙarfi kuma mai wahalar sha'ani. Yana sa zazzaɓi da karkarwa lokacin ƙarin ruwa, yana zubar da gishirin jini, yana kuma lalata ƙoda. Mai ciwon sukari kuwa sau da yawa ƙodarsa dama ta riga ta gaji. Likitoci sun shekara talatin suna tafiya a kan wannan siraɗi: a ƙara magani ƙoda ta tsaya, a rage funfuna ta ci gaba. Sauƙi ya zo da aka iya naɗe maganin cikin 'yan ƙananan ƙulli na kitse, wanda ya rage illarsa ga ƙoda sosai. Wannan sabon samfuri, AmBisome, ya shiga kasuwar Turai a 1990, ta Amurka a 1997. Matsalarsa tsada.

A shekarun 1980 an samu wani darasi daga inda ba a zata ba. Masu wankin ƙoda da ake ba wani magani mai suna deferoksamin don zuƙe ƙarfen da ya taru a jikinsu sai suka riƙa kamuwa da cutar. Bincike ya nuna funfunar tana amfani da maganin ne ta sace sinadarin ƙarfe, wanda ba ta girma sai da shi. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa take bin masu ciwon sukari. Idan sukari ya yi mugun hawa har jini ya yi tsami, ƙarfen da ke ɗaure a jini yakan kwance, ƙwayoyin garkuwa su yi sanyi, ga kuma sukari a wadace. Abinci ya samu, mai gadi ya yi barci.

Wani nazari da Roden da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya tattara majinyata 929 da aka rubuta labarinsu tun 1885. Cikin waɗanda ba a yi wa magani ba, kashi 3 cikin ɗari ne suka rayu. Waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, kashi 57. Waɗanda aka ba tsohon amfoterisin, kashi 61. Waɗanda aka haɗa musu magani da tiyata, kashi 70. A 2008 kuma wani nazari daga cibiyar sankara ta MD Anderson a Amurka ya duba masu sankarar jini da suka kamu, ya gano cewa jinkirta amfoterisin na kwana shida ko fiye ya kai mace-mace kusan kashi 83, alhali waɗanda aka fara wa da wuri kusan kashi 49 ne suka mutu. Kwana shida kacal.

YADDA AKA KOYI GANE TA A JIKIN MAI RAI

Ci gaban da ya fi amfani bayan magani shi ne na gani. Na'urar hoton CT ta fara aiki a Ingila a 1971, ta ba da damar ganin ɗakunan iska da ƙashin da ya cinye. Hoton MRI ya zo daga baya, shi ne ke nuna naman da jini ya daina zuwa masa, da kuma ko cutar ta kai ƙuryar kwarmin ido ko ƙwaƙwalwa. A birnin Graz na Ostiriya, Messerklinger da ɗalibinsa Stammberger suka inganta dabarar leƙa hanci da siririn bututu mai fitila, wadda ta bazu a duniya a shekarun 1980. Da ita likita ke ganin naman da ya ɗashe ko ya yi baƙi a cikin hanci, ya yanko samfuri, da ita kuma yake share mataccen nama ba tare da tsaga fuska ba.

Duk da waɗannan na'urori, hukuncin ƙarshe yana hannun mai duba madubin ƙara girma. Ana ɗora ɗan naman a gilashi, a ɗiga masa wani ruwa mai narkar da nama ya bar zaren funfuna. Zaren mukomaikosis faffaɗa ne kamar ƙyalle, kusan ba shi da gaɓoɓi, kuma rassansa suna fita a gicciye. Akwai wata funfunar mai suna asfajilus da ita ma ke kama kwarmin ido, ita kuma zarenta siriri ne, gaɓa-gaɓa, rassansa suna fita a karkace. Bambance su wajibi ne, domin borikonazol, maganin da ya fi dacewa da asfajilus, ba ya taɓa mukomaikosis ko kaɗan. Gwaje-gwajen jinin da ke nuna wasu cututtukan funfuna ma ba sa nuna wannan. Shi ya sa ƙa'idar da masana na duniya suka fitar a 2019 ta ce da zarar an yi zargi mai ƙarfi a fara amfoterisin, a shirya tiyata, kada a zauna jiran sakamakon shuka ƙwaya.

Ita asfajilus ɗin tana da tarihi a nahiyarmu. A ƙarshen shekarun 1960 likitoci a Khartoum, cikinsu har da Farfesa El Sheikh Mahgoub, suka bayyana wani nau'i da ke tafiya sannu a hankali, wata da watanni, yana tura ido ɗaya waje a jikin mutanen da lafiyarsu ƙalau. An fi ganin sa a ƙasashe masu zafi da ƙura kamar Sudan, Saudiyya, Pakistan da Indiya. Saboda haka idon da ke firfitowa a hankali ba lallai ƙari ba ne, sai an yanko nama an duba.

INDIYA, 2021

Tun kafin korona, Indiya ce ta fi kowace ƙasa yawan wannan cuta. Farfesa Arunaloke Chakrabarti na birnin Chandigarh ya daɗe yana jan hankali a kai, kuma an ƙiyasta kusan mutum 140 cikin kowane miliyan ɗaya suna kamuwa, ninkin-ba-ninkin abin da ake gani a Turai. Ƙasar tana da masu ciwon sukari kimanin miliyan 77 a ƙiyasin 2019, da yawansu ba su ma san suna da shi ba.

A ranar 16 ga Yunin 2020 masu bincike a Ingila suka sanar da sakamakon gwajin RECOVERY: deksametason, wani sitiroyid mai arha, ya rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku a masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya bisa biyar a waɗanda ke kan iskar oksijin. Ma'aunin miligiram 6 ne a rana, na tsawon kwana goma ko ƙasa da haka. Gwajin ya kuma nuna ba shi da amfani ga wanda ba ya buƙatar oksijin. Duniya ta riƙe rabin farko na labarin, rabin ƙarshe ya ɓace a hanya.

Da guguwar korona ta biyu ta auka wa Indiya a Afrilu da Mayun 2021, masu kamuwa sun haura dubu 400 a rana, gadaje da oksijin suka ƙare. Cikin firgici aka riƙa ba mutane sitiroyid fiye da ƙima, da wuri fiye da kima, har da masu jinya a gida, ba tare da ana auna sukari ba. Bayan 'yan makonni sassan hanci da ido suka cika. Jihohin Maharashtra da Gujarat ne suka fi jin jiki. A ranar 20 ga Mayu gwamnatin tarayya ta nemi jihohi su sa cutar cikin waɗanda dole a kai rahotonsu, a ƙarƙashin dokar annoba ta 1897. Zuwa watan Yuli an shaida wa majalisar dokoki cewa sama da mutum dubu 45 sun kamu, sama da dubu 4 sun mutu. Likitocin ido na ƙasar sun tattara bayanan majinyata 2,826, suka tarar kashi 87 cikin ɗari sun sha sitiroyid, kashi 78 kuma masu ciwon sukari ne.

Sai magani ya yanke. Mu yi lissafi: ana ba da aƙalla miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kwalba ɗaya kuma miligiram 50 ce. Mai kilo 60 yana buƙatar kwalba shida kullum, har tsawon makonni. Dangi suka riƙa bin layi da yawon kasuwar bayan fage, manyan kotunan Delhi da Mumbai suka sa baki, gwamnati ta ba ƙarin kamfanoni lasisin haɗa maganin.

A cikin wannan ƙunci aka sake duba tsohuwar tambaya: yaushe ya wajaba a kwashe ido? Tiyatar da aka saba yi idan cutar ta shiga kwarmi ita ce a cire ƙwayar ido da duk naman da ke kewaye da ita. Tana iya ceton rai, amma tana barin mutum da rami a fuska har abada. Dakta Santosh Honavar na Hyderabad ya tsara matakai huɗu na cutar bisa hanyar da take bi, kowane mataki da abin da ya dace a yi. Likitoci suka yawaita yin allurar amfoterisin kai tsaye a bayan ƙwayar ido ga waɗanda cutar ba ta yi nisa ba, aka ceci idanun da a da cire su za a yi. Wanda ya samu sauƙi kuma akan mayar da shi kan ƙwayoyin haɗiya, fosakonazol ko isabukonazol, na tsawon watanni. A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na funfuna masu haɗari, ta sa wannan dangi a rukuni mai muhimmanci sosai.

INA RUWANMU?

Abubuwa biyun da suka haɗu a Indiya muna da su a gida. Ciwon sukari yana ƙaruwa a garuruwanmu, kuma da yawa ba sa sanin suna da shi sai ya kwantar da su. Deksametason da firednisolon kuwa ana sayen su a kemis da hannun masu talla ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don mura, wasu kuma cikin haɗin "sha ka fashe" don neman ƙiba. Kumatun da ke cikowa ɗin illar maganin ce, kuma a daidai lokacin sukari na hawa, garkuwa na sauka. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke dare ɗaya, wannan ma haɗari ne, ya je likita ya tsara masa yadda zai rage.

Alamomin da ya kamata mu riƙe, musamman a jikin mai ciwon sukari, ko mai shan sitiroyid, ko mai jinyar sankara, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, su ne: ciwo ko mutuwar fata a gefe ɗaya na fuska, toshewar hanci ɗaya da majina mai jini ko baƙi-baƙi, kumburi a kewayen ido, fatar ido ta sauko ta ƙi ɗaguwa, ganin abu biyu-biyu ko dushewar gani, haƙoran sama su fara girgiɗi, ko baƙin tabo a ganɗa. Kada mu jira baƙin ya bayyana, domin shi alama ce ta cewa nama ya riga ya mutu.

Mun san abin da aka saba yi. A sayo maganin ɗigawa a ido, a shafa man zafi, a ce shawara ce ko sanyi ko sammu, a gwada kemis biyu, sai an ga ido ya daina motsi a nemi mota. Kwana shidan nan da muka ambata a haka suke ƙarewa. Abin yi shi ne a ranar a tafi babban asibiti mai sashen hanci da kunne da sashen ido, a kuma faɗa wa likita a fili cewa mutumin yana da ciwon sukari ko yana shan sitiroyid, a nuna masa kwalin maganin. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa na jihohinmu ma suna da waɗannan sassa. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kuwa, mai ciwon sukarin da ya zo da ciwon fuska da kumburin ido, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta bai motsa ba, a leƙa hancinsa, a tura shi gaba tun yana gani da idon.

Wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya karanta masa wannan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ganinmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.